Abin da tsohon jirgin ruwa na shaƙatawa ke ci a shekara

Masu irin wannan jirgi a Turai da Amurka kan ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajarsa duk shekara don gyara, amma tsoho yakan zarce haka. Ruwan gishiri ne ke cin kuɗin. Sai an fito da jirgin tudu, a kankare ƙasansa, a shafa fentin hana tsiro, a canza guntayen ƙarfen tutiya da ruwan gishiri ke cinyewa a madadin farfelar da ke tura jirgin.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa robar mai fikafikai da ke juyawa cikin famfon da ke jawo ruwan teku don sanyaya inji. In ta tsufa, fikafikanta sukan karye su toshe bututu, injin dizal ya yi zafi, gyaransa dubban daloli. A canza ta duk shekara, a ƙirga fikafikan tsohuwar, wanda ya ɓace a lalubo shi cikin bututun.