Dashen Shi-ok a Tsibirin Kangaru

A watan Yuli, lokacin da damina da sanyi ke haɗuwa a kudancin Ostareliya, na bi ayarin 'yan sa-kai zuwa Tsibirin Kangaru domin dashen itacen da ake kira shi-ok, bayan gobarar dajin da ta cinye kusan rabin tsibirin daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020. Irin da muka dasa shi ne mai rassa masu sunkuyawa, wanda masana ke kira Allocasuarina verticillata, kuma mazauninsa ƙasar duwatsu ce da gangaren bakin teku, inda iska mai gishiri ke hana sauran itatuwa sakat.

Na ɗauka koren zaren da ke reto a jikinsa ganye ne, sai da wata dattijuwa ta tsinke guda a gaɓa, ta nuna mini 'yan haƙoran da suka kewaye bakin gaɓar, ta ce su ne ganyen, zaren kuwa reshe ne. A saiwarsa akwai ƙulle-ƙulle irin na gyada, masu samar masa taki daga iska, shi ya sa ƙasa mara albarka ba ta dame shi ba.

Duk wahalar nan saboda wani baƙin aku muke yin ta, wanda a tsibirin kusan ba ya cin komai sai ƙwayar wannan itace. Yakan riƙe ɗan itacen da ƙafar hagu yana ɓarzarsa, kuma tarin ɓawon da ya tauna a gindin bishiya shi ne shaidar cewa ya yarda da ita, domin tsuntsu ne mai zaɓe.

Kuskurena na farko a wajen iri ne. Na ƙulle 'ya'yan a leda, gumi ya kama su suka yi funfuna, alhali jakar takarda da wuri mai ɗumi suke buƙata su buɗe da kansu cikin 'yan kwanaki. Na biyu ya fi ciwo, domin ban kafa turakun ragar kariya da zurfi ba, iska ta kwantar da su, ƙananan kangaru suka yi kiwo a layina.

Itacen yana da namiji da mace, macen ce kaɗai ke 'ya'ya, kuma ba a bambance su a dashe. Waɗanda suka tsira a layina sai sun shekara da yawa kafin a san ko nawa ne za su ciyar da akun.