Gangar Willie da tambayar wata ɗaliba

Na yi shekaru ina koyar da Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma da na ga gyangyaɗi ya fara kama 'yan aji sai in jawo musu labarin Willie Johnston. Ɗan shekara 11 ne, makaɗin ganga a wata runduna ta jihar Vermont. A 1862 sojojin Arewacin Amurka, ɓangaren su Willie, suka ja da baya daga kusa da Richmond, babban birnin 'yan Kudu, bayan kwana bakwai ana gwabzawa. Ƙarti majiya ƙarfi suka yi ta watsar da kayansu don gudun nauyi, shi kuwa ya riƙe gangarsa gam har sansani. Yana ɗan shekara 13 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar.

Gangar nan ba ta nishaɗi ba ce. Muryar kwamanda ba ta ratsa rugugin bindiga, sai kiɗa: wannan na tashi da asuba, wannan na taruwa, wancan na ja da baya. Wanda ya san yadda kalangu ke magana ba ya buƙatar dogon bayani. Yara na jin daɗin labarin, ni ma haka.

Ran nan wata yarinya da rikici ya koro iyayenta daga Borno ta ɗaga hannu, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, in an gama faɗan, me yaran suke yi?"

Na yi shiru, alli a hannuna. Da dare na koma littattafai. Ashe ajiye gangar suke su ɗauki waɗanda aka harba, su ba su ruwa, su taya likitoci aiki, har da kwashe hannuwa da ƙafafun da aka yanke. Charles King, shi ma makaɗin ganga, ɗan shekara 13, ɓaraguzan harsashin igwa suka same shi a yaƙin Antietam a Satumbar 1862, bayan kwana uku ya cika. Ban taɓa ambatonsa a aji ba.

Abin ya dame ni ƙwarai. Ni ne nake yaba hukuncin da kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta yi wa madugun 'yan tawaye Thomas Lubanga na Kwango a 2012 kan sa yara 'yan ƙasa da 15 a yaƙi, ni ne kuma nake kiran Willie jarumi ban tambayi wa ya yarda a kai shi can ba. Na zaɓi labarin da ke tada 'yan aji daga barci, na bar wanda zai hana ni barci.

Washegari, kafin in ce komai, na rubuta 11 a allo, na ce duk mai ƙane ɗan wannan shekarun ya ɗaga hannu. Ita ce ta fara ɗagawa.