Murjanin noma na saya

Yau na leƙa shagon masu kifin ado don in ƙara murjani mai rai, wato halittar teku mai kama da dutse, a tankina na ruwan gishiri. Mai shagon ya nuna min murjanin da ake kira Acropora iri biyu. Ɗaya katoto ne mai rassa, an ɓallo shi daga teku, har da guntun dutsensa. Ɗayan bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, an manna shi a kan dunƙulen siminti, a tanki aka raine shi.

Wallahi na tekun ya fi ɗaukar ido. Amma ƙaramin na ɗauka. Wanda ya tashi a hasken rana, in ya shigo ƙarƙashin fitilar LED, sau da yawa sai ya amayar da ƙananan tsirran da ke ciyar da shi daga cikin jikinsa, ya yi fari fat, kuɗinka sun bi ruwa. Ga tsutsotsin da ke maƙalowa a jikinsa su cinye murjanin da ke tankinka.

Indunusiya ma ta dakatar da fitar da murjani a 2018, sai a 2020 ta buɗe ƙofa ga na noma. Mai niyyar saye, ya tambayi takardar CITES, wato izinin cinikin halittun da ake karewa tsakanin ƙasashe, tukuna.