Hasumiya da dakare ɗaya: inda aka kwana a nazarin ƙarshen wasa

'Yan uwa masu koyon ces, barkanmu da war haka. Wannan watan kacokan abu guda muka sa a gaba, wato ƙarshen wasan da kowane ɓangare ya rage da sarki da hasumiya, ɗaya kuma yana da rarar dakare. Wannan ƙarshen wasan yana yawan zuwa a gasa, kuma a nan ne wanda ya daɗe yana buga wasan wasiƙa ya fi jin jiki idan ya koma gaban allo. A ICCF, hukumar wasan wasiƙa ta duniya wadda aka kafa a 1951, an yarda a yi amfani da inji, wato manhajar kwamfuta mai lissafa taku, kuma lokacin da aka saba bayarwa kwana 50 ne ga kowane taku 10. Wanda ya saba da wannan yalwar sai hannunsa ya mutu bai sani ba. Ranar da ya zauna a gasar da ake ƙara daƙiƙa 30 kan kowane taku, ga agogo na ci, ga dokar rubuta taku tana kansa, abin da ya zauna a hannu kaɗai ke fitowa.

A rubutun taku mun bi haruffan littattafai: K sarki, R hasumiya, Q sarauniya, dakare kuma ba shi da harafi; x ci ne, + kuma cek ne, wato farmaki kan sarki. Layi shi ne na tsaye, daga a zuwa h, sahu kuma na kwance, daga 1 zuwa 8. A kafa kowane matsayi a kan allon katako a tura da hannu, don kallon allon waya ba ya zaunar da shi.

Da matsayin Lucena aka fara. Sunan ɗan Sifaniyan da ya buga littafinsa a 1497 ne aka laƙaba masa, ko da yake a littafin Alessandro Salvio na 1634 aka same shi. Fari: sarki a b8, dakare a b7, hasumiya a c1. Baƙi: sarki a d8, hasumiya a a2. Dakare saura masa taku ɗaya ya zama sarauniya, amma sarkinsa ne ya tare masa ƙofa. Da farko a kori sarkin Baƙi da 1.Rd1+ Ke7. Mai gaggawa a nan sai ya fito da 2.Kc7, cek ya yi ta sauka a kansa daga baya, c2, b2, c2, har ya rasa mafaka ya koma b8 inda ya fito. Takun da ake nema shi ne 2.Rd4. Littattafai na ce masa gina gada, amma a zahiri garkuwa ce ake ajiyewa tun kafin a buƙace ta: 2...Ra1 3.Kc7 Rc1+ 4.Kb6 Rb1+ 5.Kc6 Rc1+ 6.Kb5 Rb1+ 7.Rb4, cek ya ƙare, dakare ya wuce.

Wannan layin kusan kowa ya iya shi. Inda ake zubar da nasara shi ne lokacin da Baƙi ya ƙi bin hanyar littafi. A taku na biyar, maimakon cek, sai ya matso da 5...Ke6. Hannu yakan tafi ga 6.Rd5 da niyyar kai hasumiya b5, sai Baƙi ya ci dakare da 6...Rxb7, Fari ya ci hasumiya 7.Kxb7, Baƙi ya rama 7...Kxd5, allo ya rage sarki biyu. Dalili a fili yake: sarkin Fari shi kaɗai ke gadin dakare da hasumiya a lokaci guda, kuma ba a gudu ana susar takashi. Maganin shi ne a fara tura sarkin Baƙi da 6.Rd6+. In ya koma 6...Ke7 sai 7.Rd5, yanzu bai kai gare ta ba. In ya sauko 6...Ke5 sai 7.Rd5+ da cek, sannan 8.Rb5. Akwai kuma kaucewa ta biyu tun a taku na biyu, 2...Rc2, don hana sarki fita ta c7. To ya saki layin a ke nan: 3.Ra4, sarki ya fita ta a7, shi ke nan. Duk wanda bai buga waɗannan rassa biyu ba, rabin Lucena ya sani.

Dakaren gefe, na layin a ko h, dokarsa daban ce, domin sarkin da ya shige kusurwa ƙofa ɗaya gare shi. In sarkin Fari yana a8, dakare a a7, hasumiyar Baƙi ta riƙe layin b, sai an tsare sarkin Baƙi can a layin f kafin a yi nasara. Da sarki a f7, hasumiyar Fari a e2, ta Baƙi a b1: 1.Rc2 Ke7 2.Rc8 Kd6 3.Rb8 Ra1 4.Kb7 Rb1+ 5.Kc8 Rc1+ 6.Kd8 Rh1 7.Rb6+ Kc5 8.Rc6+, wanda in aka ci hasumiyar, a8=Q+ ke biyo baya. Sarkin Baƙi ya matso layi ɗaya tak tun farko, zai riga isa c7 ya rufe ƙofar, wasa ya tashi kunnen doki.

Mako na biyu aka juya allo aka koma ɓangaren mai kare kai. Matsayin Philidor, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1777. Fari: sarki a d5, dakare a e5, hasumiya a a7. Baƙi: sarki a e8, hasumiya a h6. Muddin dakare bai taka sahu na shida ba, hasumiyar Baƙi ba ta barin wannan sahun, tana kai da kawowa, sarkin Fari ba shi da hanyar hawa. Da zarar an buga 1.e6, nan take ta faɗa ƙasa da 1...Rh1. Dakaren da ya kamata sarkin Fari ya fake a gabansa ya riga ya wuce, don haka 2.Kd6 Rd1+ 3.Ke5 Re1+ 4.Kf6 Rf1+, babu wurin ɓuya. Jinkirin taku ɗaya ya isa ya kashe wasan: 1...Rg6 2.Kd6, yanzu dakaren ya zama katanga tsakanin hasumiya da sarki, ga barazanar mat, wato cek ɗin da babu mafita gare shi, da Ra8. Dole 2...Kf8 3.Ra8+ Kg7 4.Kd7, dakare ya sami hanya. A lura cewa 4.e7 haramtacce ne a nan, domin dakaren a ɗaure yake a sahu na shida, in ya motsa zai buɗe sarkinsa ga hasumiyar g6, kuma a cikin ƙarancin lokaci hannu yakan yi wannan kuskuren.

Wasu na ajiye hasumiya a sahu na takwas kusa da sarki su yi ta jira. Wannan zaman yana riƙewa ne kawai idan dakaren na layin a, b, g ko h ne. Da dakaren c, d, e ko f, Fari yana da filin da zai zagaya da hasumiyarsa ɗaya ɓangaren, kuma zai ci.

Mafi yawan lokacin watan a kan abin da ya biyo baya ya tafi, kuma a ganinmu shi ya fi cancanta, domin a wasan gaske da wuya abokin karawa ya bar ka ka shimfiɗa Philidor a natse. Galibi sarkinsa ya riga ya hau sahu na shida kafin hasumiyarka ta iso. Fari: sarki a d6, dakare a e5, hasumiya a a7. Baƙi: sarki a e8, hasumiya a h1, shi ke da taku. Cek daga gefe, 1...Rh6+, sai 2.e6 ya mayar da kai cikin ramin da aka gani a sama. Hasumiya bayan dakare ake kai ta: 1...Re1. In Fari ya yi 2.Ra8+ Kf7, sarki da hasumiya sun haɗu sun riƙe gidan e6, dakare ba ya motsi. Saboda haka yakan zo da 2.Ke6, da barazanar mat, kuma dole sarkin Baƙi ya bar gidan e8. Ina zai nufa?

Dakaren e ya raba allo gida biyu: ɓangare mai layi huɗu, a zuwa d, da mai layi uku, f zuwa h. Sarki gajeren ɓangaren yake zuwa, a bar wa hasumiya dogon. Ita ce ke buƙatar tazara, domin cek daga gefe ba ya aiki sai akwai layi uku a sarari tsakaninta da dakare. In tazarar ta gaza haka, sarkin Fari zai tako ya taɓa ta yana nan kusa da dakarensa. To, 2...Kf8 3.Ra8+ Kg7. In 4.Kd6, sai 4...Kf7 a sake riƙe e6. In 4.Re8, da nufin sarki ya kauce dakare ya tafi, Fari ya saki layin a, sai 4...Ra1 da shirin cek daga nesa. In ya tare da 5.Rd8, sai a koma 5...Re1. Amsa biyu ne kawai ake juyawa tsakaninsu, gwargwadon inda hasumiyar Fari ta tsaya. Da dakaren tsakiya, wanda ya ɓata ya nufi dogon ɓangare yana iya tsira da ƙyar, amma da dakaren c ko f wannan ɓatan faɗuwa ce. Gara a saba da gajeren ɓangare a kowane hali, kada a tsaya tantancewa agogo na gudu.

Na ƙarshe da aka taɓa shi ne matsayin Vancura, wanda aka buga a 1924 bayan rasuwar mai shi. Fari: hasumiya a a8, dakare a a6, sarki a c4. Baƙi: sarki a g7, hasumiya a f6. Kowa ya haddace maganar Tarrasch, gwanin ces na Jamus, cewa wurin hasumiya bayan dakare ne, amma a nan wanda ya zauna a a1 yana jira zai ga sarkin Fari ya tako har a7 ya fake, hasumiyarsa ta fito, wasa ya lalace. Daga gefe ake kallon dakaren, ta yadda hasumiyar a8 ba ta isa ta bar gadinsa ba. Sarki ya matso ya karɓi gadin, 1.Kb5, sai cek daga gefe, 1...Rf5+ 2.Kc6 Rf6+, kuma a7 ba mafaka ba ce daga cek na kwance. Sai lokacin da dakare ya taka a7 ne ake komawa bayansa: 1.a7 Ra6 2.Kb5 Ra1 3.Kb6 Rb1+. Daga nan sarkin Baƙi gida biyu kaɗai gare shi, g7 da h7. Ya taka f7, Rh8 ta zo, in ya ci dakare da Rxa7 sai Rh7+ ta kwashe hasumiyar ta bayan sarki. Ya hau g6, Rg8+ sannan a8=Q. Wannan matsayin bai gama zama a hannunmu ba tukuna. Riƙe shi ba wuya, amma gane lokacin da za a iya isa gare shi daga a1, da lokacin da aka makara, yana buƙatar ƙarin mako.

Yadda ake atisayen: minti 30 a zama, matsayi biyu kacal. A kafa, a ba inji ɓangaren da ke gaba da kai, a sa agogo minti ɗaya da ƙarin daƙiƙa 30. Ba a cewa matsayi ya zauna sai an buga shi daidai sau biyar a jere, sannan a juya shi, dakaren b ya koma g, Fari ya koma Baƙi. Juyawar nan ita ke tona wanda sunayen gidaje ya haddace bai fahimci dalili ba. Inji yana da aibi ɗaya: in ya ga matsayin faɗuwa ne yakan zaɓi hanyar da ta fi tsawo, ba wadda ta fi ruɗa mutum ba, don haka tarko irin 5...Ke6 sai ka sa shi da hannunka, ko ka nemi abokin zama ya riƙa kauce wa littafi da gangan. A riƙa kuma ƙidaya taku, domin taku 50 ba a ci komai ba kuma dakare bai motsa ba yana ba mai kare kai damar neman canjaras, haka ma maimaituwar matsayi sau uku.

Bayan kowane zama a duba rumbun ƙarshen wasa na Syzygy, ma'ajiyar kwamfuta mai ɗauke da hukuncin kowane matsayi mai ƙwayoyi kaɗan, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, aka kammala na ƙwaya bakwai a 2018. Duk matsayin da ke sama ƙwaya biyar ne, kuma allon nazari na shafin intanet na Lichess yana nuna hukuncin kowane taku kyauta. A nemo takun farko da hukunci ya sauya daga nasara zuwa canjaras, ko daga canjaras zuwa faɗuwa, a rubuta dalilinsa da kalmomi a littafin nazari. Hattara dai: ICCF ta yarda da rumbun, har ana neman a yanke hukuncin wasa da shi in ƙwayoyi sun rage bakwai, amma a wasan kwanaki na Lichess da Chess.com duba shi ko inji ana cikin wasa maguɗi ne.

Ko a ICCF ɗin ma wannan karatun bai zama banza ba. Shawarar da ke yanke wasa ana yin ta ne tun ƙwayoyi na tara ko goma a allo, lokacin da ake tunanin musayar da za a yi. Wanda ya san cewa dakaren layin a mai hasumiya a gabansa Vancura yake nufa, zai nemi musayar da za ta bar masa dakaren tsakiya da sarkin abokin karawa a tsare, kuma shi ne zai san reshen da zai sa inji ya zurfafa a kai.

Wata mai kamawa za a ƙarasa Vancura, sannan a shiga dakaru huɗu da uku a ɓangare ɗaya, inda mai kare kai yake neman jera nasa a f7, g6 da h5 kafin a hana shi. Wanda ke son shiri tun yanzu ya buga wasan Capablanca da Tartakower na New York, 1924, ya tsaya a 35.Kg3, ya lissafa da kansa abin da Fari ya samu a madadin dakarun da ya bari aka ci.