Farin ɓawon bakin akwatin kifi da yadda na shawo kansa

Duk mai amfani da ruwan burtsatse a Sakkwato ya san zartsi. Sabulu ba ya kumfa yadda ya kamata, gindin butar shayi kuma kullum fari fat. Ƙasarmu ce mai dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma masana'antar siminti take Kalambaina. Ruwan da ya ratso irin wannan dutse yana fitowa da kalsiyam da magneziyam narke a cikinsa, ba ka ganinsu sai ruwan ya bushe ya bar su.

Akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado a ciki yana cin lita 60. Da hunturu ya kama, iska ta bushe, sai ruwan ya riƙa ja baya, kusan yatsa guda ko fiye a mako. Duk inda ya janye sai ya bar farin layi, layi bisa layi, har bakin gilashin ya yi ɓawo mai kaushi. In ka shafa da jiƙaƙƙen tsumma ya ɓace, minti kaɗan ya bushe ya dawo yana kallonka.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wata tambaya da mai sayar mini da abincin kifi ya yi. Ya ce, "Malam, in ruwan ya ragu da me kake cikawa?" Na ce da na famfon gida mana. Ya ce to nan gizo ke saƙar. Ruwa ne kaɗai yake tashi sama ya bi iska, gishirin dutsen yana nan zaune. Kowane ciko da ruwan zartsi ƙari ne a kan wanda ke ciki, don haka ruwan akwatin sai daɗa kauri yake yi, ɓawon kuma yana daɗa sauri.

Ga yadda nake kankare wanda ya riga ya kama. Nakan rage ruwan da tiyo har ya sauka ƙasa da layin da kamar faɗin tafin hannu, kifayen suna ciki abinsu. Sai in jiƙa tsumma da farin ruwan khal, irin na girki mai kashi 5 cikin 100 na asid, in matse shi sosai don kada ya ɗiga, in manna a kan ɓawon in bar shi kamar minti 10 zuwa 15. In ka kasa kunne wani lokaci har ƴar ƙara za ka ji, tsamin ne yake cin dutsen. Bayan nan sabuwar reza, a kwance, ana turawa a hankali, sai ka ga ɓawon yana tashi yana taruwa a bakinta. Ina riƙe wani tsumman a ƙasa don tare garin. Ran da babu khal, ruwan lemun tsami yana yi, sai dai ya fi jinkiri kuma yana barin danƙo.

Reza ta gilashi ce kawai. Wanda akwatinsa na roba ne, tabon da za ta bari ba ya gogewa, gara ya nemi tsohon katin roba. Kuma ko a gilashin ba na kusantar kusurwa inda gam ɗin silikon yake, yanka ɗaya ya isa ya jawo yoyo. Sabulu da omo kuwa ba sa zuwa kusa da akwatin ko da wasa. Ba sa narkar da ɓawon, ga shi ragowarsu na kashe kifi.

Murfi, bututun matatar ruwa da ɗan injin da ke juya ruwa, waɗannan nakan cire su in jiƙa a bokiti, rabi khal rabi ruwa, in bi da tsohon buroshin haƙori, in ɗauraye har warin ya tafi. Soson cikin matatar ruwan ne kaɗai ba ya shiga wannan bokitin. Ƙwayoyin halitta masu cinye dattin kifi a nan suke zaune, don haka a ruwan da na kwaso daga akwatin nake matse shi.

Amma a ganina kankarewa ba ita ce maganin ba, hana tarin ne. Na sa an yanko mini gilashi na rufe saman, na bar ƴar kafa ta iska, nan take raguwar ruwan ta yi sauƙi. Na kuma rage ƙarfin injin kumfa, don feshin da kumfar ke yi in ta fashe shi ne yake farar da murfi da fitila. Ciko yanzu da tataccen ruwa nake yi, wanda babu gishirin dutse a cikinsa. Ana samunsa a kantin magani da wajen masu batir, amma a wajen masu batir sai an buɗe ido a tabbatar ba mai asid ba ne. Da damina ina tarar ruwan sama a baho a tsakar gida, bayan zubowar farko ta wanke ƙura. Wanda ya gangaro daga kwanon rufi ba na yarda da shi. Kowane mako kuma nakan zubar da kamar rubu'in ruwan in sa sabo, in bi bakin gilashin da tsumma tun layin yana ɗanye.

Ban mai da akwatin gaba ɗaya kan tataccen ruwa ba, kuma ba na ba da wannan shawara. Kifi yana bukatar ɗan ma'adinin, sauyin gaggawa kuma ya fi zartsin illa gare shi. Ƙananan kifayen ado irin su gofi da moli, da kifayen tafkin Malawi da na Tanganyika, ruwa mai dutse ne ma suka fi jin daɗi, don haka su na zaɓa tun da shi ne ruwan garinmu.

Akwai wani hazo-hazo a gefe ɗaya da ya ƙi fita duk da khal da reza. Ɓawon da ya daɗe yakan ci fuskar gilashin kanta, wannan kuwa ba wanki ke fidda shi ba. Na juya wannan gefen ya kalli bango, na riƙa cika ruwa ya rufe wurin, don a jiƙe ba ya nunawa.