Kwana Goma a Filadelfiya Ana Tsakiyar Guguwar Zaɓe

Shekaranjiya na dawo Kano daga Amurka, har yanzu tallan 'yan siyasa na yi min amsa-kuwwa a kunne. A ƙarshen Oktoban 2024 na sauka a Filadelfiya. Jami'in da ya duba fasfona ya tsare ni kusan awa guda, fuska a murtuke, ko sannu babu. Kawu ne ya wanke min ɓacin ran, ya tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar kuka, ya kuma bar min ɗakinsa.

Daren farko muka kunna talabijin. Talla ɗaya na zagin Trump, na biye na zagin Kamala Harris, babu hutu. Akwatin wasiƙun Kawu ma cike yake da takardun kamfen masu sheƙi. Ya ɗauko guda, ya nuna min ƙaramin rubutun da ke ƙasa.

"Ɗana, ka ga wannan sunan? Ba ɗan takara ne ya biya ba, PAC ce."

Ya ce ƙungiyoyi ne masu tara kuɗi don zaɓe. A 2024, doka ba ta yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da dala 3,300 a zaɓe guda ba, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Citizens United a 2010 aka samu Super PAC, wadda ke karɓar ko nawa ne daga attajirai da kamfanoni, muddin ba ta haɗa baki da ɗan takarar ba. A lokacin, cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Future Forward na bayan Harris, America PAC ta Elon Musk na bayan Trump. Pennsylvania, jihar da Filadelfiya take ciki, na da ƙuri'un wakilai 19, irin waɗanda ake tantance shugaban ƙasa da su, kuma kowane ɓangare na ganin zai iya cinye ta, shi ya sa aka yi mata rubdugu.

Abin da ya fi damuna shi ne kyautar dala miliyan ɗaya da Musk ke bayarwa kullum a lokacin ga mai rajistar zaɓe da ya sa hannu a takardar ƙungiyarsa. A gida mukan yi tir da rabon taliya da atamfa da sabulu, ga shi nan ana ɗaga ƙaton cek a kan dandamali ana tafi! Mai gabatar da ƙara na birnin ya kai maganar kotu. Raina ya sosu ƙwarai, domin na zo da zaton talaka a nan ya fi namu murya.

Tsada kuwa sai addu'a, kofin shayi dala huɗu, kuma ba a ciniki.

Na leƙa Washington kwana biyu, na hango ginin majalisa daga nesa. Ana gobe zaɓe Kawu ya raka ni filin jirgi.