Kofin da aka ce zai yi aikin rana

Duk shekara akwai ranar da nake shiga aji da kofin gilas, da batir, da fensir biyu da na fere kai da gindi. In zuba ruwa, in haɗa waya, yara su matso suna kallon kumfa tana tasowa daga bakin fensirin. Wutar batir ce ke raba ruwan gida biyu: iskar haidurojin da iskar oksijin. Bana ina cikin yi sai wani yaro daga kujerar baya ya ce, "Malam, a waya na gani wai Turawa sun taɓa samo wuta marar ƙarewa daga irin wannan kofin, masu man fetur suka danne maganar."

Dariya na yi, amma ba tatsuniya ya kawo ba. Rabin maganarsa ya faru.

Ranar 23 ga Maris 1989, a Jami'ar Utah da ke Amurka, masana sinadarai biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka tara 'yan jarida. Kayan aikinsu bai fi nawa nisa ba: kwalba, wuta, ƙarfe biyu. Sai dai ƙarfe ɗaya faladiyam ne, ruwan kuma wanda ake kira ruwa mai nauyi, mai ɗauke da diyuteriyam, wani nau'in haidurojin da ya fi na kullum nauyi. Faladiyam yana tsotse haidurojin kamar yadda soso ke shan ruwa. Suka ce sun cusa diyuteriyam a cikinsa har ƙwayoyin suka haɗe, zafin da ya fito kuma ya ninka wutar da suka sa.

Haɗewar ƙwayar zarra ita ce aikin da rana take yi, a zafin da ya kai digiri miliyan 15 a tsakiyarta, don ƙwayoyin ture juna suke yi, ba sa haɗuwa da lalama. Yanzu ga mutum biyu sun ce sun yi a kan teburi, abin da aka sa wa suna "cold fusion", wato haɗewa ba tare da wannan zafin ba. Fleischmann kuwa ba ɗan koyo ba ne, yana cikin manyan masana fanninsa a Ingila. Duniya ta rikice, ɗakunan gwaji suka shiga neman faladiyam.

Abin da ya fara kayar da maganar shi ne niyutiron, wani ɗan ƙanƙanin ɓangaren ƙwayar zarra da ke fitowa in an yi irin wannan haɗewar. Idan da gaske haɗewa ce ta ba da zafin da suka faɗa, da niyutiron ɗin da zai fito ya isa ya hallaka duk wanda ke tsaye a ɗakin. Ga su kuwa lafiya lau suna amsa tambayoyi.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar damawa. A farkon Mayu na shekarar, a taron masana fiziks a Baltimore, Nathan Lewis na jami'ar Caltech ya ce sun gwada sun sake gwadawa, babu komai, kuma yana zargin ba a juya ruwan kwalbar yadda ya kamata ba. Duk wanda ya taɓa shan kunun da ba a dama da kyau ba ya san wannan: ka kurɓi gefe ɗaya salaf, ka juya kofi ya ƙona maka harshe. In ma'aunin zafinka ya faɗa gefen da ya yi zafi, sai lissafi ya ba ka wutar da babu ita. Fleischmann ya ce kumfar da ke tasowa ta isa ta juya ruwan. Har ya rasu a 2012 bai janye ba.

Ban ɗauke su maƙaryata ba. Gaggawa ce ta ci su, da tsoron kada Steven Jones na Jami'ar Brigham Young, wanda ke bincike makamancin nasu, ya riga su. Suka kai wa 'yan jarida abin da ya kamata abokan sana'a su fara tsefewa.

Batun dannewa kuma, kuɗi an zuba. Jihar Utah ta ware dala miliyan 5, cibiyar da aka buɗe ta rufe a 1991. Su biyun suka koma Faransa, da tallafin da ya fito daga ɓangaren Toyota, can ma aka rufe a 1998. Google ya kashe kusan dala miliyan 10, a 2019 masu bincikensa suka ce ba su ga alamar haɗewa ba. Har yau akwai masu nema, sun dai sauya wa abin suna.

Washegari na shigo da ma'aunin zafi biyu. Na zuba ruwan sanyi a kofi, na tsiyaya mai zafi a kai a hankali, na kira yaron ya karanta na sama da na ƙasa. Ya duba, ya sake dubawa. Na miƙa masa cokali ya juya, lambobin suka zo daidai.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, faladiyam ɗin nawa ake sayarwa?" Na ce masa ya fi ƙarfin albashina.